Sana'a Ba Ta Da Gemu, Ba Ta Da Ɗankwali

Jawabin da kwamitin ilimi na ƙungiyarmu ya gabatar a taron iyayen ɗalibai na ƙarshen shekarar karatu, a Jidda



Godiya ta tabbata ga Allah da ya tara mu lafiya. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa. Iyayenmu dattawan zango, malamanmu, iyayenmu mata, da ku 'ya'yanmu ɗalibai, barkanku da zuwa. Mun san daga unguwanni daban-daban kuka taso, ga kuma baƙinmu na Makka. Allah ya ba da ladan zumunci.

Muna neman afuwa tun kafin mu fara, domin maganar yau tana da nauyi, mu kuwa yara ne a gabanku. Mun san abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Sai dai ku kuka ɗora mana amanar karatun yaran nan, kuma mai riƙon amana ba ya ɓoye abin da ya gani.

Bayan fitowar sakamakon sanawiyya, magana biyu suka zo gaban kwamiti. Ba za mu kama suna ba, masu maganar sun san kansu. Ta farko yarinya ce da ta fi kowa a ajinsu a lissafi. Tun tana ƙarama ita ke kwance fankar gidansu ta mayar, ita ke gyara wa maƙwabta wayar da ta ƙi caji. Tana son ta karanta injiniyan lantarki. Mahaifinta ya ce wannan aikin maza ne, ko dai ta karanta koyarwa ko ta zauna har miji ya fito. Na biyu saurayi ne da ya shekara uku yana jinyar kakansa bayan ɓarin jikinsa ya shanye, shi ke masa wanka, shi ke juya shi, shi ya san lokacin kowane magani. Yana son ya karanta aikin jinya. Mahaifiyarsa ta zo mana da hawaye, tana cewa me za ta gaya wa mutane in aka ce ɗanta namiji nas ne.

Uban nan da uwar nan ba maƙiyan 'ya'yansu ba ne. So ne ya sa su tsoro. Shi ya sa muka ga bai kamata mu tsaya a kan gidaje biyu ba, gara mu kawo maganar gaban kowa, domin abin da ya ci Doma ba ya barin Awai.

Mu fara da garin da muke zaune a ciki. A 1955 Sarauniya Iffat, matar Sarki Faisal, ta buɗe makarantar Darul Hanan a nan Jidda domin 'yan mata. A 1960 gwamnati ta fara buɗe nata makarantun mata. Ba kowa ne ya yi murna ba. A garin Buraida sai da aka kai jami'an tsaro kafin makarantar ta iya buɗe ƙofa. A wancan lokacin riƙe alƙalami ma ana ganin ba na mace ba ne. Yau wane ne a cikinmu zai yarda a ce kada 'yarsa ta iya karatu da rubutu? Abin da ake wa kallon baƙon abu jiya, shi ne yau muke gorin wanda bai yi ba.

A 1999 aka kafa Kwalejin Iffat a garin nan, wadda daga baya ta zama jami'a, kuma ita ce ta fara koyar da mata aikin injiniya a duk ƙasar Saudiyya, tare da haɗin gwiwar Jami'ar Duke ta Amurka. A 2013 aka fara ba mata lasisin aikin lauya, a farkon 2014 Bayan Zahran ta buɗe ofishinta na lauyoyi a nan Jidda. A watan Yuni na 2018 mata suka fara tuƙin mota. Jirgin ƙasan Haramain da muke shiga a tashar Sulaimaniyya mu je Makka ko Madina, wanda ke gudun kilomita 300 a awa, a farkon 2022 kamfanin da ke gudanar da shi ya nemi mata 30 da za a koya wa tuƙi. Mata 28,000 ne suka nema. Yanzu in kun shiga jirgin nan za ku ziyara, yana yiwuwa mace ce a gaba take jan ku.

Wani zai ce ai waɗannan 'ya'yan Larabawa ne, 'ya'yan manya. To, ku saurari wannan sunan: Rayyana Barnawi. A nan Jidda aka haife ta a 1988. Ta karanta kimiyyar lafiya a Jami'ar Otago ta ƙasar Niyu Zilan, ta ƙara karatu a Jami'ar Alfaisal a Riyad, ta yi shekaru tana bincike kan ƙwayoyin halitta da sankarar mama a Asibitin Sarki Faisal. Ranar 21 ga Mayu 2023 kumbo ya tashi da ita daga Amurka zuwa tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, ta zama mace ta farko 'yar Saudiyya da ta je can. Barnawi kuwa ba sai mun fassara muku ba. A bakin mutanen Hijaz shi ne mutumin Barno, kamar yadda suke cewa Hausawi da Fallata. Suna ne da ke rubuce a katin da yawa daga cikin waɗanda ke zaune a ɗakin nan. Haka kuma akwai Nawal Hausawi, haifaffiyar Makka, wadda ta koyi tuƙin jirgin sama a Amurka har ta samu lasisi. Mun daɗe muna alfahari da su Usama Hausawi a filin ƙwallo. Ya kamata 'ya'yanmu mata su ma su ji waɗannan sunayen a bakinmu.

Yanzu mu tambayi kanmu, wa ya raba sana'o'i ya ce wannan ta maza ce, wannan ta mata? Mu duba gida. A Kano da Zariya ɗinki aikin maza ne, su ke zama da allura da zare suna yi wa babbar riga aska takwas. Rini a Ƙofar Mata maza ke yi. A ƙasashen Turai kuwa an daɗe ana ɗaukar allura da zare kayan mata. Daɓen ƙasan ɗaki, wanda yanki ne na aikin gini, a ƙauyukanmu mata ke taruwa su yi shi da waƙa. Tsiren da kakanninmu suka kawo Hijaz, har Larabawa suka karɓe shi suna ce masa siriye, namiji ne ke yanka naman, ya barbaɗa ƙuli, ya tsaya gaban wuta. Mai shayi namiji ne. Ba wanda ya taɓa cewa mai tsire ya zubar da mazantakarsa. Amma da ya koma cikin kicin na otal ya sa farar hula, sai mu fara gunaguni. Ashe al'ada ce ta yi rabon, ita kuwa al'ada kowace ƙasa da irin tata, kowane zamani da irin tasa.

Malamanmu suna nan, su gyara mana in mun yi kuskure. Nana Khadija, Allah ya ƙara mata yarda, 'yar kasuwa ce mai aika fatake Sham. Nana Zainab bintu Jahshi jima take yi da hannunta, ta sayar ta yi sadaka, alhali a ƙasar Hausa jima aikin maza ne. Rufaida Al'aslamiyya tana da tanti a masallacin Madina inda take jinyar masu rauni, kuma can aka kai Sa'adu bin Mu'azu bayan yaƙin Handaƙ. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana ɗinke tufarsa, yana gyara takalminsa, yana taya iyalinsa aikin gida. Ruwan da aka jawo daga duwatsu zuwa Makka da Arfa, alhazai suka sha shi ɗaruruwan shekaru, sunan mace yake amsawa, Zubaida matar Haruna Rashid, domin ita ta ɗauki nauyin aikin. A ƙasarmu Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta tura jajis ƙauye ƙauye suna karantar da mata. Imamu Gazali kuwa ya lissafa likitanci da lissafi, har da noma da saƙa da ɗinki, cikin farillan kifaya, wato abin da in al'umma ta rasa mai yin sa gaba ɗayanta ta shiga laifi. Addini ya gindaya iyaka a kan halal da haram, da sutura, da kaɗaicewar namiji da mace. Waɗannan ba mai taɓa su. Abin da muke roƙo shi ne kada mu ɗauki al'adarmu mu sa mata rawanin shari'a.

Akwai wata magana mai ɗaci, iyayenmu ku yi mana haƙuri. Muna cewa ba ma son 'ya mace ta fita aiki. Amma wa ke zaune bakin titi cikin zafin Jidda da tiren gyaɗa da kunu? Wa ke tura amalanke tun asuba tana tsintar kwali da gwangwani? Wa ke aikatau a gidajen mutane tun safe har dare, babu hutu, babu takardar aiki, in an hana ta haƙƙinta babu inda za ta kai kuka? Iyayenmu mata ne da 'yan uwanmu mata. Da guminsu aka biya hayar gidaje da yawa a zangon nan, da shi aka ciyar da da yawa daga cikinmu, Allah ya saka musu da Aljanna. Ashe matanmu sun daɗe suna fita, kuma aikin da suke yi ya fi na maza da yawa wahala. Sai in aikin ya zo da takardar shaida da albashi da inuwa, sannan mu tuna cewa na maza ne. Uwar da ta yi shekara ashirin a rana, ba domin 'yarta ta gaje ta a rana ta yi ba.

Mu koma ga samarinmu. Wanda duk ya taɓa kwanciya a asibiti a ƙasar nan ya san yawancin masu jinya daga Filifin da Indiya aka ɗauko su, saboda 'yan ƙasa masu yin aikin ba su wadatar ba. Wataƙila ba ku sani ba, karatun jinya a Saudiyya da maza aka fara shi. A 1958 aka buɗe cibiyar horar da samari a Riyad, sai a 1961 aka buɗe makarantun jinya na mata a Riyad da Jidda. Ku tuna da dattijonmu da ke kwance a ɗakin maza, ba ya iya tashi zuwa makewayi. Wa ya fi so ya kama shi, ya suturta shi? Ɗa namiji mai jin harshensa. Ku tuna da alhazanmu. A 2023 kujera 95,000 aka ware wa Najeriya kaɗai, ban da Nijar da Gana da Kamaru. Tsoho ya faɗi a Mina ko Arfa saboda zafi, ba ya jin Larabci, ba ya jin Turanci, ba ya iya cewa yana da ciwon suga. Yaron da ya tashi a Karantina, mai Hausa da Larabci a baki ɗaya, in ya ƙara da ilimin jinya, rai zai ceta. Wane aiki ne ya fi wannan daraja?

Haka girki, haka koyar da ƙananan yara. Mun san abin da ake tsoro, gorin nan da ake yi wa duk namijin da aka gani da ludayi. Amma manyan otal na Makka da Madina da gidajen abincin garin nan, galibin masu dafa abincinsu maza ne, kuma da wannan albashi suke riƙe iyalinsu. Saurayin da ya koyi girki a makaranta ya san tsafta da awo da lissafin riba. Ya fi wanda ke zaune a bakin layi yana jiran aikin ofis da ba zai zo ba. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Ta ɓangaren mata ma buƙatar haka take. Mace na gida ita kaɗai da yara, na'urar sanyaya ɗaki ta lalace ko wuta ta ɗauke, dole ta jira maigida ya dawo kafin baƙon namiji ya shigo. Wayarta ta lalace, cike da hotunan iyali, dole ta miƙa wa namijin da ba ta sani ba. Da muna da 'yan mata masu gyaran waya da lantarki, da wannan damuwa ta kau. Duk mun fi son likita mace ta duba matanmu, ta yi musu tiyata in ta kama. To, 'yar wa muke so ta yi dogon karatun, ta kwana asibiti? Ba zai yiwu mu so likita mace mu kuma hana tamu zama ɗaya ba.

Ba mu ce tsoron iyaye ba shi da tushe ba. Akwai cuɗanya a wasu wuraren aiki, akwai aikin dare, akwai maganar aure. Amma maganin tsoro shi ne bincike. Uba ya tashi ya je makarantar da ƙafarsa, ya ga ajin, ya ga masallacin, ya tambayi yadda ake zuwa da dawowa. Gani ya kori ji. Jami'o'i da kwalejoji da yawa a garin nan suna da sashen mata daban. Maganar aure kuwa, a sanya sharaɗin ƙarasa karatu tun wajen baiko, dattawan ɓangare biyu su shaida. Mun ga gidajen da aka yi haka aka zauna lafiya. Mun kuma ga zawarawa da matan da mazansu suka rasu, waɗanda ke zuwa ƙofar ƙungiyar nan neman kuɗin haya. Kusan kullum labarin ɗaya ne: an cire ta daga makaranta, hannunta ba komai.

Wata gaskiyar kuma dole mu faɗe ta, kada mu yaudari yaranmu. Mu a zango kashi uku ne: masu jinsiyya, masu igama, da waɗanda har yau takardunsu ba su daidaita ba. Tuƙin jirgin Haramain da ire-irensa na 'yan ƙasa ne. Tun da aka kawo tsarin Niɗaƙat a 2011, sana'o'in da ake keɓe wa 'yan ƙasa sai ƙaruwa suke yi. Mai jinsiyya ba shi da uzuri, ƙofofi a buɗe suke, kuma gwamnati da kanta ke neman mata su shiga aiki. Burinta na kashi 30 cikin 100 nan da 2030 ma tuni aka wuce shi. Mai igama kuwa shi ya fi kowa buƙatar sana'ar da za ta bi shi duk inda ya je. Ba mu manta da ƙarshen 2013 ba, lokacin da aka kwashi 'yan uwanmu da yawa aka mayar da su gida, wasu ba su taɓa ganin Kano ko Damagaram da idonsu ba. Waɗanda suka sauka da sana'a a hannu sun miƙe. Waɗanda suka sauka hannu rabbana sun sha wuya, mata kuwa sun fi shan ta. A gida akwai Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, da Bayero a Kano, da Abdou Moumouni a Yamai, da Dan Dicko Dankoulodo a Maraɗi, duk suna karɓar maza da mata. A birnin Sakkwato ma akwai garejin da 'yan mata ke gyaran mota da hijabinsu. Ranar da tafiya ta kama, ba za a tambayi yaro ko sana'arsa ta maza ce ko ta mata ba, za a tambaye shi me ya iya. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Kakanninmu da suka biyo ta Barno da Wadai da Darfur, suka haye Bahar Maliya daga Sawakin zuwa Jidda, wasu shekara da shekaru suka yi a hanya. Sun tsinci auduga a Sudan, sun yi dako, sun yi ga-ruwa, mata da maza kowa ya kama abin da ya samu na halal. Da sun tsaya zaɓen aiki, da ba mu zo nan ba.

Saboda haka ga roƙonmu. Iyaye maza, in yaro ko yarinya ya zo muku da sana'ar da ba ku saba ji ba, kada a'a ta riga tambaya fita. Ku auna ta da abu uku: halal ce? Jama'a na buƙatarta? Allah ya ba yaron basirarta? In ukun nan sun cika, sauran magana ta tsari ce, a zauna a tsara. Iyaye mata, ku kuka fi sanin hannun kowane yaro. Ku bar 'ya mace ta riƙe sukundireba, ku bar ɗa namiji ya shiga kicin, ku kuma tsawatar wa masu gori a gidan biki. Malamanmu, muna roƙo ku bambance mana shari'a da al'ada a majalisanku. Kafin kowa ya biya kuɗin makaranta kuma, ya zo kwamiti mu bincika tare ko hukuma ta yarda da takardar shaidarta, kuma ko irin takardun yaron za su ba shi damar yin aikin a nan ko a gida.

Ku kuma ɗalibai, nauyi ya koma kanku. Wanda ya fara shiga sabuwar hanya idon kowa na kansa. Ki riƙe suturarki da mutuncinki, ka riƙe sallarka da ladabinka, ku ci jarrabawa da kyau. In kun yi haka, kun buɗe wa ƙannenku ƙofa. In kun yi sakaci, da sunanku za a rufe ta. Kada kuma ku ɗaga wa iyayenku murya a kan wannan magana. Ku nemi kawu ko gwaggo ko liman ya shige muku gaba.

Game da yaran nan biyu, mahaifin yarinyar ya yarda zai je ya ga makarantar da idonsa, tare da ƙaninsa. Maganar saurayin har yanzu tana gaban dattawa, kuma lokacin cike takardun shiga ya kusa ƙarewa. Muna roƙon waɗanda mahaifiyarsa ke jin nauyinsu su taimaka kafin lokaci ya ƙure.

Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren kuwa namu ne, a yafe mana. Allah ya shirya mana zuriya, ya ba su ilimi mai amfani da sana'a mai albarka. Allah ya jiƙan magabatanmu da ke kwance a wannan ƙasa da waɗanda suka kwanta a hanya. Allah ya mayar da kowa gidansa lafiya.